Da naira na sa hannu, da sefa nake cin abinci

A watan Janairun 2023 na ajiye aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Katsina bayan shekara bakwai. Na fita ta Jibiya da jakar goyo da kwamfuta, na sauka Maraɗi. Abin dogarona, bayan Allah, fassara ce daga Turanci zuwa Hausa: takardun wayar da kai kan lafiya, rubutun cikin manhajojin waya, wani lokaci labarai.

Tafiyar kanta ba ta wahalar da ni ba. A lokacin Nijar tana cikin ECOWAS, kuma fasfo ɗinmu yana ba mutum kwana 90 a ƙasashen ƙungiyar ba biza, sai ka haɗa da katin rigakafin shawara. Kuma duk garin da ka sauka, ka tambayi zango, ba za ka kwana waje ba. Abin da ya ƙona ni tun a gida na ɗauko shi.

Kafin na tashi na sa hannu a kwantiragin shekara guda da wani kamfani a Abuja, naira 300,000 duk wata. Ya ninka albashina na makaranta fiye da sau uku, don haka ban tsaya tunanin komai ba. A lokacin 'yan canjin Maraɗi suna ba ni jika ɗaya, wato sefa 1,000, a kan naira 1,200 ko kusa da haka. Ke nan ina da jika 250 a wata. Ɗaki, abinci, kuɗin mota, kuɗin intanet, har da abin da nake tura wa Hajiya, duk suna fita, a samu ragowa.

A watan Maris ina Yamai, wani ma'aikacin ƙungiyar agaji da muke sallah tare ya ce suna neman mai fassara saƙonnin murya, jika 200 a wata, a hannu, da sefa. Na ce masa, "Malam, na gode, amma hannuna a cike yake." Ya ce, "Ka dai sake tunani, ɗan'uwa. Kuɗinmu ba ya rawa." Na ɗauka kishin ƙasa ne kawai ya sa shi faɗar haka. Ashe gaskiya ya gaya mini: sefa a ɗaure take da yuro, 655 da 'yan kai kan yuro ɗaya, ba ta gaba ba ta baya. Ni kuwa na kwatanta 250 da 200 na zaɓi mai yawa. Har yau idan na tuna zaman nan a ƙofar masallaci sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Ranar 14 ga Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da shugaban Nijar, Bazoum. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali a lokacin mafi yawan wutar Yamai daga can take zuwa. Sai na koma bin masu janareto ina biya don a caja mini kwamfuta, in yi aikin da kuɗinsa ke narkewa kafin ya iso hannuna. Na bar Yamai ta Gaya, na tsallaka kogi a kwale-kwale zuwa Malanbil a ƙasar Benin saboda gadar a rufe take, na gangara Kwatano.

Can ma sefa ce. Zuwa Oktoba jika ta kai wajen naira 2,000. Na rubuta wa kamfanin ina roƙon a duba farashin. Amsa layi biyu: abin da aka sa wa hannu shi ne. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma naira suke karɓa, amma na yi fushi, kuma fushin bai gama sauka ba. Lokacin da kwantiragin ya ƙare a farkon 2024, kuɗin da a da yake jika 250 bai kai 130 ba. Aiki ɗaya, yawan kalmomi ɗaya. Wata biyu ban tura wa Hajiya komai ba, na riƙa ce mata intanet ne ke ba da matsala. Wannan ya fi yunwar ciwo.

Duk wanda ya rubuto mini yana cewa zai bar aiki ya shiga duniya, ba na hana shi. Na ga Damagaram, na ga teku a Lome, na ci tuwon zafi a unguwar Nima ta Accra, na ji Hausar Kumasi da ban taɓa sanin akwai irinta ba, kuma ba na da-na-sanin barin aji. Amma nakan tambaye shi: kuɗin da za a biya ka da wanda za ka kashe iri ɗaya ne? In ba ɗaya ba ne, kada ka ɗaure kanka fiye da wata uku, kuma kada mutum ɗaya ya cinye dukan lokacinka. Da na bar ko da rabin mako a buɗe, da na karɓi aikin Yamai.

Yanzu masu ba ni aiki uku ne, biyu da dala, ɗaya da sefa. Na sefar ta hannun mutumin nan na masallaci na same shi, bayan na kira shi na ce, "Malam, maganarka ta tabbata." Mako mai zuwa, in sha Allahu, zan hau motar Tamale.