Abin da motar rairayi ta koya min game da baƙin mai

Motar rairayi, irin wadda Bruce Meyers ya fara ƙerawa a Kalifoniya a 1964, kan gindin Bosuwaja Bitil ake ɗora ta, da injinta a baya tsirara. Wannan inji ba shi da filtar mai. Abin da ke ƙasansa 'yar rariyar waya ce, ta tare ɓarɓashi ta bar ƙura ta wuce. Ba shi kuma da lagireto, iska da baƙin mai ke sanyaya shi, man kuwa lita 2.5 ne kacal. To a Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga mai motar kullum yana kutsa ta cikin yashin hanyar Illela, dole a sa mata filta a waje.

A garejinmu aka yi aikin, ni ke miƙa sifana. Ana toshe hanyar da famfon mai ke turawa cikin inji, a sa wa famfon murfi mai bakin tiyo, tiyo ɗaya ya kai mai filta, na biyu ya dawo da shi ta ramin da aka huda a jikin inji. Ke nan duk ɗigon da zai isa kiranshaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, sai ya bi ta tiyon nan biyu. In ɗaya ya fashe, inji zai zubar da mansa ƙasa kafin direba ya ankara da jar wutar gargaɗin mai.

Shi ya sa maigida ya fi daɗewa kan tiyo fiye da kan filtar. Yakan riƙe shi ya ce min, "Kai yaro, wanga tiyo nesa da salansa, ka ji ko?" Zafin salansa na gasa roba har ta tsattsage. Ba a ja shi ya miƙe tsam, don inji na girgiza, sai an bar masa ɗan sassauci. Ba a kuma lanƙwasa shi har ya tsuke, kamar yadda tiyon ban ruwa a fadama ke ɗauke ruwa in an taka shi. Inda zai goga ƙarfe, a naɗa masa roba a ɗaure. Tiyon fetur kuwa, ko mai shago ya rantse, ba ya wannan aiki: da sanyin safiyar hunturu mai kan yi kauri, ƙarfin famfo sai ya kumbura shi.

Bakin shiga da na fita na filta ma abin lura ne. In aka juya su, bawul ɗin cikin filta zai tare man, inji ya yi ta gudu a bushe. Fenti muke shafa wa tiyon shiga, don duk wanda zai kwance gobe.

Wajen juye, lita 2.5 ta daina aiki, tunda filta da tiyo na shan nasu rabon. Mukan cika filtar da mai tukuna, a shafa wa robar bakinta kaɗan, a ɗaure da hannu. Sai a zuba wa inji, a cire wayar kwayil don kada inji ya tashi, a yi ta murza makulli har jar wutar mai ta mutu. Sannan a mayar da wayar, a tada shi na ɗan lokaci, a kashe, a bari man ya sauka, a duba geji a shimfiɗaɗɗen wuri, a ƙara abin da ya rage.

Masu mota da yawa na son a zuba mai ya zarce layin sama na geji, wai don zafi. Ni ban yarda ba. Injin Bitil ba shi da sil, wato robar da ke hana mai yoyo, a bayan fuli, faifan da bel ke hawa, rarar sai ta ɓullo ta nan ta fesa ko'ina, rairayi ya manne, iska ta kasa sanyaya inji. Ta wannan kafar ma yashi ke shiga, don haka muka sa wa motar fuli mai sil kafin ta bar gareji.