Aji a hawa na uku

Yau na raka ƙanwata jami'a, lakca a hawa na uku, ba lifta ba komai, sai da samari biyu suka ciccibe ta da keken guragunta tana ta ba su haƙuri kamar ita ta yi laifi. Wallahi raina ya ɓaci. Ba alfarma ba ce fa, Buhari ya sa wa dokar masu buƙata ta musamman hannu tun Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya wuce tuni. Ƙawarta kuma da ke karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna, saboda ciwon damuwa, ta kai takardar likita a ɗaga mata jarrabawa, malamin ko buɗewa bai yi ba, wai lalaci ne.