Kafin ka zuƙo hoton wani, tsaya ka kalle shi tukuna

Ranar Asabar ɗin nan ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto ta yi gasarta ta bayan Sallah, kuma karon farko ke nan da muka zaunar da ɗaya daga cikin matasanmu a kujerar alƙali. Yaro ne mai hannu, ya san kyamara ciki da bai. Hoto na bakwai da majigi ya haska a bango na wani mahayi ne a Hawan Daushe: doki ya taso a sukwane, ƙura ta turnuƙe, 'yan kallo a baya sun koma zare-zaren ja da kore. Bai yi daƙiƙa biyar yana kallo ba ya kai hannu kan kwamfuta, ya zuƙo idon dokin zuwa kashi 200, ya ce, "Babu kaifi. Sha biyu cikin ashirin." A gasarmu ba a faɗin sunan mai hoto, amma duk wanda ke ɗakin ya gane ko na wa ne, daga yadda wata yarinya da ta shigo mana bana ta sunkuyar da kai tana jan bakin mayafinta. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, domin muryata na ji tana fita daga bakinsa. A wajena ya koya.

Na fi shekara ashirin ina wannan alƙalanci, kuma mafi yawan shekarun nan farautar aibu na yi. Ina da jerin abubuwa biyar a kaina, ko wane hoto ya fito sai in bi su ɗaya bayan ɗaya: kaifi, farin da ya ƙone, layin ƙasa da ya karkace, abin da aka dasa a tsakiya, da tarkacen gefe. Kowane ɗaya maki biyu. Hoto ya zo da ashirin ɗinsa, ina zaftarewa har in ga abin da ya rage. Aikin yana da sauƙi, yana da sauri, kuma ba mai iya ja da kai, tunda aibun ga shi nan kowa yana gani. Abin da ban taɓa tsayawa na tambaya ba shi ne me mai hoton ya nufa.

Ku ɗauki kaifi. Wanda yake son ya daskarar da doki mai sukuwa, sai ya sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri, kofato da ƙura da geza duk su tsaya cak. Wanda kuma yake son mai kallo ya ji gudun a jikinsa, sai ya sauko 1/60 ko 1/30, ya bi dokin da kyamara yana juya ƙugu daidai da tafiyarsa, baya ya shafe, ƙafafu su yi garara. Wannan na biyun ya fi wuya nesa ba kusa ba, a cikin ɗauka talatin da ƙyar ka tsira da biyu. Ni kuwa shekara da shekaru ina ba na farkon 18, ina ba na biyun 12, ina ce masa hannunsa na rawa. Alhali bambance su ba wuya. Idan hannu ne ya yi rawa, komai a hoton yana ninkuwa biyu, har abin da yake tsaye. Idan da gangan aka bi, shafewar baya tana tafiya gefe guda a miƙe, kuma akwai wuri ɗaya, fuskar mahayi ko rawaninsa, da ya fi ko'ina fitowa. Hotunan da Robert Capa, mai ɗaukar hoton yaƙi, ya ɗauka a gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dishi-dishi suke, duniya kuma ba ta daina kallonsu ba. Da a gabana aka kawo su a wancan lokacin, na san abin da zan ba su.

Ba zan ce babu dalili ba. Mu da fim muka tashi, ɗauka 36 a nadi ɗaya, kowace ɗauka kuɗi ce, wanki kuɗi ne. Hoton da bai fito sarai ba, mai shi ba zai karɓa ba, asara ta hau kanka. Iyayen gidanmu kuma ba su san lallashi ba, a gaban mutane ake yaga maka hoto, kuma wallahi mun koyi aiki. Har gobe ina ganin tsananin nan ya yi mana rana. Sai dai su hoton kasuwa suke koya mana, na fasfo da na biki, ni kuma na ɗauko ma'aunin na kawo shi gasar masu sha'awa, mutanen da suka fito da kyamara don ransu na so. Cikinsu akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan jinya, akwai ɗalibai. Da yawa sun zo sau ɗaya, sun ji bakina, ba su sake dawowa ba. Na kan gaya wa kaina wanda zai tsere don an faɗa masa gaskiya dama ba ɗan sana'a ba ne. Wani lokacin har yanzu ina gaya wa kaina haka. Amma kujerun da suka zama wayam na san su.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne maganar farin da ya ƙone. A ƙasarmu ana ɗaukar baƙar fuska a cikin farar babbar riga da farin rawani, ƙarƙashin ranar azahar. Tazarar hasken da ke tsakanin shaddar da inuwar da ke ƙarƙashin rawanin tana iya fin abin da kyamara za ta kwashe a ɗauka ɗaya, dole mai hoto ya zaɓi wanda zai ceta. Ni sai in ga farin ya yi fau a bango, in ce aikin rigar ya ɓace, in cire biyu. Sai daga baya sosai na fara buɗe ainihin hotunan a kwamfutar da aka daidaita, na tarar da zaren aikin yana nan ɗaya bayan ɗaya. Majiginmu ne yake cinye shi. A hoton kwamfuta haske yana tafiya daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Wurin da ja da kore da shuɗi duk suka kai 255, nan ne ya ƙone da gaske, babu abin da za a farfaɗo. Amma 240 ko 245 akwai saƙa a ciki, majigin da aka ƙure wa haske ne yake haɗe su da 255. Ga tagar da labulenta bai rufe ba, tana wanke baƙin hoton ta mayar da shi toka. Mutane nawa na ɗora wa laifin injin da ni ya kamata in duba? Laifi tudu ne.

Haka hazo. Hoton karofin Ƙofar Mata da sanyin safiya a watan Janairu, komai ya yi fari-fari, shuɗin baba ya yi sanyi, sai in ce launi bai tashi ba. Yara suka ji, suka koma manhajar gyaran hoto ta Lightroom suna jan Dehaze, maɓallin kawar da hazo, har ƙarshe, sama ta yi shuɗin da ba a taɓa gani a Kano da hunturu ba, gefen gine-gine ya yi farin zobe. Ni na koya musu kashe yanayin garinsu. Haka ma dokar raba hoto gida uku, wadda ake cewa kada a dasa mutum a tsakiya, da kuma dokar da ke cewa baya ya zama wayam. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan Mali wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, a tsakiya yake zaunar da mutanensa, da atamfa mai zane a jikinsu da wani zanen a bayansu, yau manyan gidajen adana zane na duniya ke rataye aikinsa. Na san wannan tun tuni, ban dai haɗa shi da abin da nake yi ranar Asabar ba.

Da na zauna rubutun nan na yi niyyar jero muku shawarwari goma sha. Ba su kai ba.

Ka duba majigi kafin ka duba hoton kowa. Ka haska allon gwaji mai matakan toka daga baƙi zuwa fari, idan biyun ƙarshe na kowane gefe sun haɗe, ka rage haske da ƙarfin bambanci har su rabu. Ka rufe tagogi ruf. Kwamfutar da za ka yi amfani da ita kada ta kasance a ƙarshen haskenta, masu daidaita allo sukan tsayar da shi wajen kandela 120, wato ma'aunin hasken allo. Ka tabbata an gaya wa masu shiga girman da majigin yake ɗauka, misali fiksel 1920 a 1080, kuma a tsarin launi na sRGB, domin hoton da aka ajiye a tsarin Adobe RGB yakan fito a koɗe idan manhajar nunin ba ta gane shi ba. Wannan aikin minti goma ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka bi hotunan gaba ɗaya sau ɗaya ba tare da ka ba da maki ba. Alƙalin da ya fara sa maki daga hoto na ɗaya yana matse hannu don ya bar wa na gaba wuri, sai na farko-farko su sha kashi ba laifinsu. Hoto 60 a minti ɗaya da rabi kowanne, awa ɗaya da rabi ke nan kana magana, kuma daga wajen na arba'in ido ya gaji, duk hoton da ya fi ihun launi shi zai fizge ka. Ka tsaya a tsakiya ka sha ruwa. Sannan ka yi amfani da makin duka. Idan daga 15 zuwa 18 kawai kake yawo, ba ka gaya wa kowa komai ba. A Birtaniya, wajen ba da shaidar ƙwarewa ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar kulob-kulob ɗinsu, alƙalai shida ne, kowanne yana danna maki daga 2 zuwa 5 ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, don kada son ran mutum ɗaya ya yanke hukunci. Mu ko uku muka samu ya fi ɗaya.

Ka cire hannunka daga zuƙowa. Ana kallon hoto ne daga inda ido zai ɗauke shi gaba ɗaya. Ka ba shi daƙiƙa goma sha biyar bakinka a rufe, ka lura da inda idonka ya fara sauka da inda ya tafi daga nan. Maganarka ta farko ta zama abin da ka ga mai hoton yana nema. Sannan gyara ɗaya, wanda ya fi girma, da yadda za a yi shi. "Ka rage hasken ɗauka da kashi biyu cikin uku na mataki don rigar ta tsira, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, ka ɗaga fuskar daga baya", wannan mutum zai iya fita da shi gobe ya gwada. "Haske bai yi ba" kuwa zagi ne kawai. Kuma kada ka ce da ya matsa hagu. Ba ka wurin. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawa ya san dogarai da cunkoso ba sa barin mutum ya matsa ko taku ɗaya.

To amma kada wani ya ɗauka cewa nake a riƙa shafa wa kowa mai a baka. Nan ne ma yaran yanzu suke ƙona mini rai. Mutum ya sayi launin da wani ya haɗa, ya shafa wa hoto ɗari iri ɗaya, fata ta koma ruwan lemo, inuwa ta koma tsanwa, ya ce salonsa ne. A goge fuskar amarya har ramin gashi ya ɓace ta zama kamar roba, a ƙara mata hasken da Allah bai ba ta ba. A turo hoton gasa ta WhatsApp a matsayin hoto, ba a matsayin fayil ba, manhajar ta matse shi ya farfashe, a manna suna ƙato a tsakiya bayan an ce gasar ba suna. Ka yi magana a ce kai tsohon yayi ne, wai mutum dubu biyu sun danna masa so a Instagram. Irin wannan ka ba shi goma, kada ka ji kunyar kowa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na san yanzun nan na gama cewa a yi hattara da karya gwiwa. Duka biyun nake nufi, kuma ba ni da ma'aunin da zan ba ka wanda zai raba maka su. Abin da na sani shi ne mai gwada abu mai wuya ya kuskure daban yake da wanda bai damu ba, kuma a hoton ake gani.

Duk hoton da zai ci na ɗaya zuwa na uku, ka nemi ainihin fayil ɗinsa na kyamara kafin a sanar. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni a gasar hoto ta duniya ta Sony da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, shi da kansa ya fito ya ƙi karɓar kyautar. Idan hakan ta faru a can, ɗakinmu mai majigi ɗaya ba zai tsira don muna ganin mun san juna ba.

Bayan an tashi na ja yaron gefe. Ya ce, "Baba, ai kai ka ce ido shi ne farko." Na ce na faɗa, a hoton mutum a zaune. Na sa ya sake buɗe hoton dokin a girmansa, muka ja baya. Shafewar 'yan kallo a miƙe take daga dama zuwa hagu, fuskar mahayin da amawalinsa sun fito, bakinsa a buɗe. Bayanan fayil ɗin suka nuna 1/40. Aibun da yake da shi na gaske biyu ne: hancin dokin ya kusa taɓa gefen hagu, babu filin da zai shiga, sannan akwai farar laimar wani mai talla a kusurwar sama tana jan ido. Ta biyun datsewa kaɗan za ta kawar da ita. Ta farkon sai wata Sallar, ta buɗe gilashin daga 200 zuwa wajen milimita 135, ta riƙe dokin a bayan tsakiya tana binsa. Da ni ne a kujerar yau, 17 zan ba shi. Na karɓi lambar yarinyar a wajen sakatare na ba shi, na ce ya kira ta kafin taron wata mai zuwa ya gaya mata waɗannan biyun, da lambar 135 ɗin.