Ɗan abin da ke hannun hagun alƙalin besbol

Tunda na fara alƙalancin wasan besbol na yara a nan Amurka, abin da ba ya barin hannuna shi ne indiketa, wasu na ce masa kilika saboda ƙas-ƙas ɗin da yake yi. Bai cika tafin hannu ba, akwai na roba akwai na ƙarfe, da 'yan tayoyi da kake murzawa da yatsa, ɗaya ta ƙirga bol (jifan da ya kauce, mai duka bai kai masa duka ba), ɗaya ta sitiraik (jifa mai kyau da ya bari ya wuce, ko wanda ya kai wa duka ya kuskure), ɗaya ta awut (ɗan wasan da aka fitar). Bol huɗu mai duka ya tafi bes na farko kyauta (bes su ne tashoshin da ake zagayawa a fili), sitiraik uku ya fita, in mutum uku suka fita ƙungiyoyin biyu su yi canjin wuri.

A hagu ake riƙe shi, don dama da ita kake yanke hukunci. Babban abin da na koya kuwa shi ne kar ka kalle shi, wallahi daidai lokacin da ka sunkuyar da kai kana duba lamba a lokacin yaro zai zabura ya saci bes, wato ya ruga zuwa na gaba, kowa ya zubo maka ido kai kuma ba ka ga komai ba. Wani dattijo da muke aiki tare ne ya karɓi nawa ya sa magagari ya yi 'yar tsaga a kowace taya daidai sifili, yanzu in sabon mai duka ya shigo murzawa kawai nake har yatsana ya ji tsagar, idona na kan fili.

Sai ka fara faɗin hukunci da baki sannan ka murza, kullum a haka, har hannu ya saba. Inda ake bukatar natsuwa shi ne in an buga ƙwallo ta fita gefen layi alhali akwai sitiraik biyu, yatsa zai so ya murza, don in ba a kai biyu ba irin wannan bugun sitiraik ne, amma a nan lissafi bai canza ba. A sofbol (wasa mai kama da besbol) wanda ake jifa a hankali kuma, wasu gasannin daga bol ɗaya da sitiraik ɗaya ake farawa, to tun kafin jifan farko ka saita.

Nakan ɗaga yatsu akai-akai, bol a hagu sitiraik a dama, in faɗa da ƙarfi, in akwai saɓani da koci a warware tun da wuri.

Iyaye kan tambaye ni jifa nawa ɗansu ya yi. Indiketa ba ya ƙirga wannan fa. A Little League, wato gasar besbol ta yara, ɗan shekara 11 ko 12 iyakarsa jifa 85 a rana don kar kafaɗarsa ta samu matsala, kuma akwai wanda aka ɗora wa wannan ƙirgen daban, wurinsa nake tura su.