Fostar da na buga a Shomolu da kuskuren da ke kanta

Tana nan a naɗe a bayan ƙofar ɗakina a Agege, kuma duk ranar da idona ya faɗa kanta sai abin ya dawo mini sabo. Kuɗin cefanen mako biyu na zuba a kanta, ban da wunin da na kashe a danfo, daga Agege zuwa Oshodi, daga Oshodi zuwa Shomolu.

Bayoloji nake koyarwa a wata sakandare, ɗalibaina yawancinsu 'ya'yan mahauta ne da 'yan tireda. Da aka sa ranar baje kolin kimiyya, sai na zaɓi manyan dabbobin nan da suka ƙare a nahiyar Amurka, dangin sulot, wannan dabba mai kasala da ke rataye a reshe kai ƙasa. Yaron da ya tashi yana kallon bijimai a mayankar Oko-Oba ya san girman dabba. Ka ce masa an yi Megatherium, mai tsawon kusan mita 6 da nauyin kusan tan 4, yana miƙewa da ƙafafun baya yana jawo rassa da farata, sai ka ga ya gyara zama.

Ɓangaren tarihi bai ba ni wuya ba. Ƙasusuwan da aka tono a bakin kogin Lujan a Ajantina aka kai Madrid, masanin dabbobi Georges Cuvier ya raɗa musu suna Megatherium a 1796, kuma daga zane kawai ya yi aikin. Thomas Jefferson a 1797 ya ɗauka faratan Megalonyx, wani daga cikin dabbobin nan, na wani ƙaton zaki ne. Darwin ya tono nasa a Punta Alta a 1832, Richard Owen ya sa wa ɗaya Mylodon darwinii. A 1895 aka tsinci fatar Mylodon a wani kogo a kudancin Chile, da gashinta, da ƙananan ƙasusuwa kamar tsakuwa a cikinta. Duk wannan daidai yake a fostata.

A bishiyar dangantaka, wato zanen da ke nuna wa ke ɗan'uwan wa, na faɗi. Daga wani littafin gwanjo da na saya a Yaba na kwafe ta, ban ko duba shekarar bugu ba. Cikin sulot iri biyu da ke raye yau, littafin ya ware mai yatsu uku can gefe shi kaɗai, wai shi ya fara ballewa daga sauran. Mai yatsu biyu kuma ya sa shi gida ɗaya da Megalonyx da wasu ƙananan danginsu da suka ƙare a tsibiran Karebiyan, saboda haƙoransu na gaba masu kama da fiƙa. Haka na zana, da jan layi mai kauri, aka buga mini a kan leda irin ta 'yan siyasa.

Ranar bajen, iyaye na tsaye, wata ɗaliba 'yar aji biyar ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, ka yi haƙuri, yayana da ke jami'a ya ga hoton da na tura masa, ya ce an canza wannan." Ta miƙo wayar babanta da hannu biyu. Na karanta a tsaye, zufa na keto mini duk da fankar da ke kaina. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta ɗaga murya ba.

Ashe tun 2019 bincike biyu suka fito, ɗaya ya yi amfani da ƙwayoyin halitta da aka ciro daga tsofaffin ƙasusuwa, ɗaya kuma da sinadarin kolajin da ke cikin ƙashi, suka kuma dace a kan abu guda. Mai yatsu biyu ɗan'uwan Mylodon ne. Mai yatsu uku, wanda na jefar can gefe, yana tsakiyar gida tare da Megatherium da Megalonyx da Nothrotheriops. Na Karebiyan su ne reshe mai zaman kansa da ya balle tun da wuri. Wato layuka uku na ja, ukun duka a karkace. Kamannin haƙora ne ya yaudari masana shekara da shekaru, ni kuma na kwaso tsohon zance na sa masa kala.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tsaya mako uku ina koya wa yara wannan bishiyar, har na sa ta a gwaji, na rage wa wasu maki a kanta. Sai da na koma na gyara makin ɗaya bayan ɗaya.

Wanda duk zai yi irin wannan aiki, ya buɗe shafin farko na littafi ya ga shekara kafin ya kwafi komai. Abin da ƙashi ya faɗa da kansa, wato girmansa, inda aka tono shi, da wanda ya tono, ka buga shi a leda. Dangantaka kuwa ka rubuta ta a kwali da fensir. Kada kuma ka ce wa yara "sulot na ƙasa", wato waɗannan da suka ƙare, zuri'a ɗaya ce. Gidaje ne daban-daban, har da Thalassocnus da ke shiga teku yana kiwo a gaɓar Peru. Na babban yankin nahiyar Amurka sun ƙare kimanin shekara 11,000 da suka wuce, na Kuba da Hispaniola suka ƙara dubban shekaru a bayansu. Za kuma a tambaye ka ko ɗan kunya da ake sayarwa a kasuwar Epe danginsu ne. Ba danginsu ba ne. 'Yan'uwansu su ne amadilo mai sulken ƙashi a baya da dabbar Amurka mai cin tururuwa.

Washegari na sayi kwali biyu da maka a bakin tasha, na kira yarinyar gaban aji na ba ta makar, ita ta ja sababbin layukan. Fostar kuwa na kasa yar da ita, don hoton Megatherium da ke samanta ya fito da kyau ƙwarai. Ina tunanin yanke rabin ƙasan da almakashi kafin zango mai zuwa.