Lambar da iska ke jan teku da ita

Akwai wata 'yar lamba da ta hana ni sakat a wannan zangon karatu. Ba ta cika wuce tsakanin 0.001 da 0.002 da 'yan kai ba, amma ita ke faɗa wa kwamfuta ƙarfin da iska ke jan saman teku da shi. Lissafin ba wuya: nauyin iska, sau wannan lamba, sau gudun iska, sau gudun iskar kuma. Nauyin iska sananne ne, gudunta kuwa tauraron ɗan'adam na aunawa. Lambar ce ba ta zama wuri ɗaya, tana canzawa da girman igiyar ruwa da kuma ko ruwan ya fi iskar ɗumi. Tana da ƙanne biyu masu irin halinta, ta zafin da ke ratsawa tsakanin ruwa da iska, da ta tururin da ke tashi.

Tsarin COARE da ake yawan ƙiyasta su da shi ya samo asali ne daga awon da aka yi a yammacin tekun Fasifik a 1992 da 1993. An daɗe ana zaton lambar hawa kawai take yi muddin iska na ƙara ƙarfi, sai a 2003 Mark Powell da abokan aikinsa suka nuna, da na'urorin da jirgin sama ke saki cikin mahaukaciyar guguwa, cewa tana tsayawa idan iska ta kai wajen mita 33 a daƙiƙa.

Kawuna mai noman dankalin Turawa ya ce da ni, "Kai yaro, Jos ko kogin kirki babu, me ya kai ka teku?" Na ce, "Kawu, ai ruwan da ke sauka a gonarku daga can yake tasowa." Laimar damina iskar kudu maso yamma ce ke kwaso ta daga Mashigin Tekun Gini. Wajen watan Yuni iska kan jawo ruwan sanyi daga ƙasa zuwa sama a gabashin Atilantika, kuma bambancin sanyin teku da zafin tudu na cikin abin da ke turo hadari arewa. In lambar ta yi ƙasa, ruwan sanyin ba zai taso sosai a kwamfuta ba, hasashen damina ya karkace.

Dabarar gyara ita ce a bar awon gaske ya riƙa yi wa lissafi linzami. Rudolf Kalman ya kafa tushenta a 1960, Geir Evensen na Norway ya fito da salon da ya dace da teku a 1994. Ana kunna kwafin samfuri, wato lissafin kwamfuta da ke kwaikwayon teku, da yawa, a ce arba'in, kowane da tasa lambar. Awo kuma na shigowa daga na'urorin Argo, kusan 4,000 da ke nutsewa mita 2,000 su taso duk kwana 10, da na PIRATA da Brazil da Faransa da Amurka suka fara girkawa a Atilantika a 1997. In kwafe masu babbar lamba sun ba da ruwa mai sanyi, awo ma ya ce sanyi, sai a ɗan tura lambobin duka sama. A sake kunnawa, a sake gyarawa.

Nawa ƙaramin gwaji ne, ginshiƙin ruwa guda daga sama zuwa mita 200, don abin da kwamfutata za ta iya ke nan kafin wuta ta ɗauke. Na ɓoye 0.0013 a matsayin gaskiya, na ƙirƙiro awo daga gare ta, na saki kwafen a kusa da 0.002. Layukan da suka fara a warwatse a allo suka yi ta matsowa har suka kwanta kan 0.0013. Abin gwanin sha'awa.

Daga nan na ƙara wa samfurin zafin rana da gangan, kamar ya rasa gajimare. Layukan suka sake haɗuwa tsaf, zafin saman ruwa ya yi daidai da awo, amma lambar ta haura can sama. Dabarar ta ƙara jan iska ne don ta gauraya ruwa ta huce shi. Kamar mai miyar kuka da daddawarta ta gaza, ta yi ta jefa dunƙule har harshe ya yarda. Wannan ba tsoron banza ba ne, domin manyan samfura da dama na nuna ruwan gaɓar Angola da Namibiya da ɗumin da ya wuce na gaske, kuma ƙarancin gajimare na cikin dalilan.

Shi ya sa duk takardar da ta nuna min lamba ta kwanta lafiya da awon zafi kaɗai, ba na saurin yarda. Ina son ganin an haɗa da gishirin ruwa da gudunsa, don gajimare da iska ba sa taɓa su iri ɗaya. A gwajina na gaba zan ware awon gishiri gefe, dabarar ba za ta gan shi ba, sai ta gama in auna ta da shi.