Waƙa Huɗu a Yini Ɗaya

Shagona ɗaki biyu ne a cikin garin Agadas. A na gaba ake zama, ana tura wa mutane waƙoƙi a katin waya. Na ciki mun manna wa bangonsa katifu da barguna don kada ƙarar babura ta shigo, shi ne situdiyo. Mu uku ne: ni, da ɗan ƙanena mai kula da na'urar haɗa sauti, da wani yaro mai koyon aiki. Tallan rediyo da sanarwar aure da ɗaukar sautin biki su ke ciyar da mu. Amma abin da ya sa na buɗe wurin shi ne shirin kiɗan jita na awa ɗaya da nake haɗawa duk mako, in kai wani gidan rediyon FM, in biya kuɗin fili, sannan in rubuta bayanin kowace ƙungiya in sa a Facebook.

A wurin wani Bature na koyi wannan aiki, kuma ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Yayana da ya yi karatu a Sakkwato ya dawo da rediyo mai gajeren zango, ya saba da sauraron sashen Turanci na BBC, a nan na fara jin John Peel, mai gabatar da shirin kiɗa. Turancina bai taka kara ya karya ba a lokacin, amma kunne ya gane mutumin daban ne. Ba ya ihu, magana yake a hankali kamar mai hira a zaure. Sai ya sa jitar rok mai tsage kunne daga Mancesta, ya bi ta da Bhundu Boys na Zimbabuwe, ya ɗora rege a kai, bai nemi afuwar kowa ba.

Daga baya na bi diddigin tarihinsa. Sunansa na yanka John Ravenscroft, an haife shi a 1939 kusa da Libaful. Ya tafi Amurka a 1960, ya fara rediyo a Dallas, inda tashen ƙungiyar Beatles ta Libaful ya sa duk mai harshen mutanen Libaful ya yi daraja. A 1967 ya koma Ingila ya shiga Radio London, tashar da ke watsa shiri daga cikin jirgin ruwa saboda ba ta da lasisi. Da gwamnati ta hana irin waɗannan tashoshi a watan Agusta na shekarar, sai BBC ta ɗauke shi a sabuwar tasharta Radio 1. Shekara 37 ya yi a can, har ya rasu a Oktoban 2004 a garin Kusko na ƙasar Peru, yana da shekara 65. Alƙalaminsa ma bai huta ba, ya yi rubutu a jaridar kiɗa ta Sounds da Observer da Radio Times.

Abin da ya fi shiga raina shi ne zaman ɗaukar waƙa da aka san shi da shi. Asalinsa takura ce. A wancan zamani akwai yarjejeniya tsakanin BBC da ƙungiyar makaɗa da kamfanonin faifai, wadda ta ƙayyade awa nawa tashar za ta sa faifan garmaho, don kada makaɗa su rasa aiki. Dole a cike sauran lokacin da kiɗan da tashar ta ɗauka da kanta. Peel da furodusansa John Walters suka mai da wannan takura ƙofa. A kira ƙungiya, sau da yawa wadda ko faifai ɗaya ba ta da shi, a kai ta situdiyon BBC na Maida Vale a Landan, a ba ta yini ɗaya ta yi waƙa huɗu, a biya ta, a sa a rediyo. An yi irin wannan zama fiye da 4,000. Bob Marley da Wailers sun yi nasu a 1973, Nirvana a 1989 tun duniya ba ta san su ba, ƙungiyar The Fall kuwa har sau 24. Da ya rungumi kiɗan punk, wani sabon salon rok mai tsage kunne, a 1976, tsofaffin masu sauraronsa da yawa suka yi fushi suka yi ta aiko wasiƙu. Bai fasa ba.

Tsarin nan na ɗauko kacokan. Ranar Alhamis ba ma karɓar talla. Ƙungiya ɗaya ke shigowa da hantsi, ta fita kafin magariba da waƙa huɗu. Ba ni da abin biyan su kamar BBC, amma ba na karɓar ko dala, shayi da abincin rana kuma a kaina suke. Yini ɗaya ya isa, kuma ina ganin ya fi mako alheri. Yaran nan a wurin biki suka koyi kiɗa, tare suke bugawa, mai ganga na kallon mai jita. In ka raba su kana ɗaukar kowa shi kaɗai, ka kashe abin. Makirfo biyu a kan ganguna, ɗaya a bakin amfilifaya, ɗaya ga mawaƙi, a buga sau biyu ko uku a zaɓi wadda ta fi rai, ko da akwai ɗan kuskure a ciki. Babban abokin gabarmu wuta ce. Sai da na haɗa sola da batura kafin muka daina rasa waƙa a tsakiya, don ƙugin janareto yana shiga makirfo.

Wani zai ce me ya haɗa Agadas da rok. To ya zo biki ya ji. Tun daga marigayi Abdallah Oumbadougou har zuwa Bombino da Etran de L'Aïr, jitar lantarki ta Abzinawa a garin nan ta yi gida. Makaɗin jita Mdou Moctar ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds a Amurka. Katin waya ya yi masa aikin da rediyo ya kamata ya yi. Wannan ya daɗe yana damuna, domin gidajen rediyonmu suna nan a lokacin.

Sana'ar tana da jaraba. Yaro zai zo ya ce, “Kawu, ga na goro, a sa tawa a wannan makon.” Ina mai da masa kuɗinsa in karɓi katin. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ɗaukar nauyin shirin wata uku, sai ya nemi a riƙa buɗewa da waƙar yabonsa. Muka rabu lafiya, na koma biyan fili daga kuɗin talla. Ranar da mai sauraro ya gane sayen fili ake yi a shirina, ba zai ƙara yarda da kunnena ba, ni kuwa ba ni da wani jari da ya wuce shi.

Ni ma na taɓa cin amanar kunnen. Wani matashi ya kawo waƙa da ya ɗauka da waya, duk iska da hayaniya. Na saurari farkonta, na ce ya je ya ƙara koyo. Bayan wata biyu ina ɗaukar sauti a wani biki, sai ga shi da jita, ya buga waƙar nan, fili ya rikice, ƙura ta tashi. Ashe daɗinta a tsakiya yake, inda ban kai ba. Na same shi bayan an tashi na ba shi haƙuri, ya ce, “Ba komai, Kawu,” amma bai sake zuwa shagon ba. Peel ya shahara da ƙoƙarin sauraron kaset ɗin da matasa ke aiko masa jaka-jaka, har a cikin mota yana tuƙi. Na san da haka, na kasa bai wa yaron minti biyar.

Yanzu akwai gwangwani a kan teburina, duk katin da aka kawo a ciki yake shiga, da suna a jikin takarda. Bayan sallar isha'i nakan rufe ƙofar gaba in saurare su bi da bi, kowace waƙa har ƙarshenta. Daren jiya guda bakwai na ji. Na shida wasu 'yan mata ne daga Ingal, ɗaya na jita biyu na tafi, na riga na aika a gaya musu su zo ranar Alhamis.